Karayar da ake ɗauka targaɗe: fashin baƙi kan ƙashin sikafoyid na wuyan hannu

Duk wanda ya taɓa ganin karayar ƙafa ko ta sangalin hannu ba ya bukatar a gaya masa cewa karaya ce. Gaɓa ta lanƙwashe inda bai kamata ba, kumburi ya tashi nan take, mai ita kuma ko motsi ba ya iyawa. Irin wannan ba a gardama a kanta, sai dai gardamar inda za a kai mutum, asibiti ko gidan maɗori. Amma akwai wata karaya a wuyan hannu da ba ta zuwa da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu. Mai babur na haya a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, zai zame a kan yashi, ya tare ƙasa da tafin hannu, ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ɗaga babur ɗinsa ya ƙarasa da fasinja. Hannu na ciwo, amma yatsu na motsi, kumburin kuma ɗan kaɗan. Duk wanda ya duba sai ya ce targaɗe ne, a shafa man zafi. In ya cika ƙorafi yayansa ya ce masa, "Kai dai raki gare ka." Bayan mako biyu ko uku ciwon ya lafa, zance ya wuce. Ƙashi kuwa a karye yake, kuma in aka yi rashin sa'a haka zai zauna shekara da shekaru, har ranar da wuyan hannun zai fara ƙin aiki.

Likitoci suna kiran wannan ƙashi sikafoyid. Wuyan hannu ba gaɓa ɗaya ba ce yadda muke ganinsa daga waje. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne a jere sahu biyu, huɗu a sahun da ke kusa da sangalin hannu, huɗu a sahun da ke kusa da yatsu. Sikafoyid yana ɓangaren babban yatsa, tsawonsa kusan santimita 3, a ɗan lanƙwashe yake, tsakiyarsa a tsuke, kuma wannan tsukakken wuri shi ake ce wa ƙugunsa. Abin da ya bambanta shi da 'yan'uwansa bakwai shi ne ya gitta tsakanin sahun biyu, shi ne ke ɗaure su suna motsi tare. Saboda haka duk lokacin da mutum ya faɗi ya tare ƙasa da tafin hannu, wuyan hannun ya karkata baya da ƙarfi, nauyin jiki yakan taru a kan wannan ɗan ƙashin. A cikin ƙasusuwan nan takwas shi ya fi karyewa, kusan kashi biyu cikin uku na karayarsu nasa ne. Kuma ya fi kama samari da magidanta masu jini a jika: 'yan ƙwallo, musamman masu tsaron gida, masu babur, magina da ke faɗowa daga tsani, da wanda ya kai naushi ya sami bango. Tsoho ko ƙaramin yaro in ya yi irin wannan faɗuwa, galibi ƙarshen ƙashin sangalinsa ne ke karyewa kafin abin ya kai ga sikafoyid.

Asalin matsalar ba a ƙanƙantarsa take ba, a hanyar da jini ke bi ya shige shi take. Ƙashi abu ne mai rai, kuma da jini yake ɗinke kansa. Galibin ƙasusuwa suna da ƙofofi da yawa da jijiyoyin jini ke shiga ta cikinsu. Shi kuwa sikafoyid yana gogayya da ƙasusuwa biyar a kewayensa, don haka kusan kashi 80 cikin 100 na jikinsa guringuntsi ne ya lulluɓe shi, jijiyar jini kuma ba ta huda guringuntsi. Babbar ƙofar da ta rage ɗan siririn tudu ne a bayansa, inda wani reshe na jijiyar nan da ake taɓawa a ji bugun zuciya yake shiga. Wannan reshe yana shiga ne daga wajen da ke fuskantar yatsu, sannan ya juyo baya ya ciyar da sauran ƙashin har zuwa ƙarshen da ke jingine da sangalin hannu. Kamar unguwa ce mai bututun famfo guda ɗaya da ya shigo ta bakin titi: in ya fashe a tsakiya, gidajen farko ba su ma san an yi ba, gidajen ƙurya kuwa sai su wayi gari babu ɗigo.

Daga nan ne duk lissafin warkewa yake fitowa. Karayar da ta faru a kan da ke kusa da yatsu tana samun jini ta ko'ina, takan haɗe cikin mako shida ko kusa da haka. Ta ƙugu, wadda ita ta fi yawa, takan ɗauki mako 6 zuwa 12. Ta ƙarshen da ke kusa da sangali ita ce mai taurin kai, domin guntun da ya rabu ya rasa hanyar jininsa. Takan kai wata uku ko fiye, wani lokaci guntun ya mutu gaba ɗaya tun yana cikin jiki. Shi ya sa mutum biyu za su karye ƙashi iri ɗaya a rana ɗaya, ɗaya ya koma aiki cikin wata biyu, ɗayan kuma wata biyar yana zaryar asibiti, alhali ba wanda ya fi wani bin doka. Tambayar farko da ya kamata mai karaya ya yi wa likita ita ce: a wane ɓangare ne ta faru, kuma guntayen sun goce daga juna ko suna nan a haɗe?

Akwai gwajin da kowa zai iya yi. Ka miƙe hannu, ka ɗaga babban yatsa sama, za ka ga wani ɗan rami ya bayyana a gindinsa ta baya, tsakanin jijiyoyi biyu da suka miƙe. Sikafoyid yana ƙarƙashin ramin nan. In an danna wurin bayan faɗuwa aka ji zafi mai tsini, ko aka kama babban yatsa aka tura shi ciki zuwa wuyan hannu zafin ya amsa, ko an danna gindin tudun babban yatsa ta ɓangaren tafi ya amsa, to a ɗauke shi a matsayin karaya har sai hoto ya ƙaryata. Gwajin yakan tsorata mutane da yawa da ba su karye ba, wannan gaskiya ne, amma da wuya ya bar wanda ya karye ya wuce.

Sai dai shi ma hoton ƙashi, wanda a asibitocinmu ake ce wa radiyo, yana da nasa yaudarar. A kwanakin farko tsagar takan yi siririyar da ba ta fitowa, musamman in an ɗauki hoto biyu na wuyan hannu kawai, na gaba da na gefe. Sikafoyid a karkace yake kwance, sai an ɗauke shi ta kusurwa huɗu, har da wadda ake karkatar da hannu zuwa ɓangaren ƙaramin yatsa don ƙashin ya miƙe. Don haka yana da kyau a rubuta a takardar neman hoto cewa sikafoyid ake zargi. Ko da an yi haka, akwai karayar da ba za ta fito ba a ranar farko. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce a sa wa hannun filasta ko abin ɗauri mai hana motsi, a dawo bayan kwana 10 zuwa 14 a sake hoto, domin a lokacin jiki ya ɗan cinye bakin karayar, tsagar ta buɗe ta fito fili. Inda akwai sikana, wato na'urar da ke ɗaukar hoton cikin ƙashi dalla-dalla, ko na'urar MRI da takardun Faransanci ke rubutawa IRM, ana iya yanke hukunci tun a makon farko. Amma waɗannan sai manyan birane, kuɗinsu kuma ba na kowa ba ne. Mutumin Gidar ko Mokolo ko Yagwa da ba zai iya kai kansa gare su ba bai yi asara ba in ya bi tsohuwar hanyar, muddin ya dawo ɗin. A nan ake zubar da mafi yawan mutane. An ce hoto bai nuna komai ba, sai mutum ya ji kamar an wanke shi, ya kwance ɗaurin a gida, ranar komawa kuma tana zuwa yana bakin tasha yana neman fasinja.

Yanzu ga maganar da ba a son taɓawa, maganar maɗora. Ba na cikin masu zaginsu. Sana'a ce ta gado, suna kusa da jama'a, ba sa cewa a ajiye kuɗi kafin su taɓa mutum, kuma akwai karaya da yawa da aka ɗora a zaure ta haɗe, mai ita yana nan yana noma. Dalili kuwa shi ne dogayen ƙasusuwa suna kewaye da tsoka, jini na kwarara gare su, suna da wata fata a jikinsu da ke fitar da sabon ƙashi ya yi dunƙule a kan karayar. Ko an ɗan motsa, ko ba a daidaita sosai ba, sukan haɗe. Sikafoyid ba shi da ko ɗaya daga cikin wannan gata. A cikin gaɓa yake, ruwan gaɓa na zagaye da shi, ba ya yin dunƙulen nan. Dole bakin guntu ya zauna a kan bakin guntu ba motsi, har sabon ƙashi ya tsallaka ta ciki. Gociyar da ta wuce milimita ɗaya ma likitoci suna ɗaukarta da muhimmanci, hannun mutum kuwa komai ƙwarewarsa ba ya jin milimita ɗaya ta cikin fata da kumburi.

To dubi abin da ake yi a gidan ɗori. Dattijo zai taɓa hannun ya ce, "Ɗana, wannan gocewa ce, bari in mayar maka." A ja, a murɗa, a matsa. A shafa magani, a ɗaure da karare ko tsumma, a ce a dawo bayan kwana uku a kwance a sake murzawa. Kowace murza tana raba abin da ya fara kamawa. Bayan 'yan makonni a tambayi yaro ko yana jin ciwo, ya ce ya ragu, a ce Alhamdu lillahi ya warke. Ma'aunin da maɗori yake da shi ke nan, raguwar ciwo, kuma a wannan ƙashin ma'aunin ba ya faɗin gaskiya. Ban ga laifi ba in maɗori ya riƙe gwajin ramin babban yatsa, duk wanda ya amsa ya ce masa, "Je ka yi hoto tukuna." Wannan ba zai rage masa daraja ba.

Me ke faruwa in bai haɗe ba? Da farko kusan ba komai. Jiki yakan cike tsakanin guntayen da wani nama mai tauri, mutum ya ci gaba da harkarsa, sai dai in ya dafa ƙasa zai tashi ko ya ɗauki jarkar ruwa ya ji wani abu ya soke shi. A hankali bakin guntayen na goge juna suna cinyewa, ƙashin ya durƙushe ya yi ƙusumbi, sahu biyun da yake ɗaurewa su daina tafiya tare. Guringuntsi ya fara zaizayewa, daga gefen babban yatsa ya bazu zuwa tsakiya. Yakan ɗauki shekaru, biyar, goma, wani lokaci fiye. Sai ka ga magidanci da bai kai arba'in ba yana fama da amosanin gaɓa a hannu ɗaya tak, ba ya iya riƙe fartanya ko murɗa sifana, in an tsananta tambaya sai ya tuna wata faɗuwa da ya yi tun kafin ya yi aure. In an gano rashin haɗewar kafin gaɓar ta lalace, ana iya tiyata: a kankare bakin guntayen, a ɗebo ɗan ƙashi daga ƙugun mutum ko daga ƙarshen sangalinsa a cike gurbin, a ɗaure da ƙusa. In kuwa gaɓar ta riga ta cinye, abin da ya rage shi ne a cire wasu ƙasusuwan ko a manne wasu da wasu. Ciwo ya ragu, amma wani kaso na motsin wuyan hannun ya tafi ke nan. Irin wannan aiki na ƙwararrun likitocin hannu ne, sau da yawa sai an hau jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde ko an dangana da Duwala. Mutanen Kusiri sukan tsallaka gada zuwa Njamena, wasu kuma su nufi asibitin ƙashi na Dala a Kano. A kwatanta wannan da kuɗin filasta da hoto biyu ko uku.

Wanda aka gano tasa da wuri kuma guntayen ba su goce ba, labarinsa mai daɗi ne: kusan tara cikin goma na karayar ƙugun sikafoyid sukan haɗe da filasta kaɗai. Abin da ke lalata wannan lissafi shi ne jinkiri. In aka wuce wata guda ba a hana hannun motsi ba, haɗarin ƙin haɗewa yana hawa sosai. Filastar takan taso daga ƙasa da gwiwar hannu zuwa tafi. Wasu likitoci suna haɗawa da babban yatsa, wasu suna barinsa a sake, kuma binciken da aka yi bai nuna cewa ɗaure yatsan yana ƙara haɗewa ba, don haka kada wani ya ga tasa ta bambanta da ta maƙwabcinsa ya ɗauka an yi masa ha'inci.

Tiyata tun farko ana yinta ne in guntayen sun goce, ko karayar tana ƙarshen nan mai ƙarancin jini, ko ta haɗu da wani rauni a wuyan hannun. Ana amfani da wata ƙusa mai zare marar kai, wadda ke nutsewa gaba ɗaya cikin ƙashi. Zaren gabanta da na bayanta ba tazara ɗaya gare su ba, don haka tana shiga tana jawo guntayen biyu tana matse su. Wani likita mai suna Timothy Herbert da ya yi aiki a Sidni ta Ostireliya shi ya fito da ita, aka wallafa sakamakon aikinsa a 1984, kuma galibi ba a sake cire ta. Da ta yaɗu sai aka fara tunanin ko gara a yi wa kowa tiyata a huta da watannin filasta. An gwada wannan a Birtaniya a wani babban bincike mai suna SWIFFT da ya fito a 2020, inda aka raba mutum 439 masu karayar ƙugun sikafoyid da ba ta goce fiye da milimita 2 ba, rabi tiyata, rabi filasta. Bayan shekara guda bambancin da ke tsakaninsu wajen ciwo da aikin hannu bai taka kara ya karya ba, masu tiyatar ma sun fi haɗuwa da matsalolin da ke biyo bayan aiki. Wannan albishir ne ga talaka. Amma akwai sharaɗi a cikinsa da ba a cika faɗa ba: waɗanda aka sa wa filasta an bi su da hoto, duk wanda aka ga tasa ba ta kama ba an tabbatar da sikana an yi masa tiyata ba ɓata lokaci. Wato filasta da bibiya ne suka yi daidai da tiyata, ba filasta ita kaɗai ba. A wurinmu kuma bibiyar ce ke da wuya.

Zama da filasta a ƙasarmu jarrabawa ce ta daban. Wanda ya karye a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, zai san haka. Gumi ya taru, ƙaiƙayi ya taso, hannu ya kai ga tsinken tsintsiya. Kada a yi. Fatar da ke ciki ta yi laushi, ƙaramin ƙwarzane yakan zama gyambo ba a gani ba. A kwanakin farko a riƙa ɗaga hannu sama da ƙirji, a riƙa dunƙule yatsu ana buɗewa sau da yawa a yini, a riƙa motsa gwiwar hannu da kafaɗa don kada su sandare a banza. In yatsu suka kumbura suka yi sanyi, ko suka sauya launi, ko suka mutu, ko zafi ya riƙa ƙaruwa maimakon raguwa, ko wari ya fara fitowa, a koma asibiti a ranar, ba gobe ba. In kuma kumburi ya saɓe filastar ta yi sako-sako har hannu na yawo a ciki, ita ma a koma a sake ta, domin ba ta aikin komai. Wanka sai an naɗe ta da leda. Alwala kuwa malamanmu na Malikiyya sun daɗe da warware ta a babin shafa a kan jabira, wato ɗaurin karaya: a shafa da danshin hannu a kai, ba a kwarara ruwa ba. A sujada a ajiye hannun a hankali, kuma kada a dogara da shi wajen miƙewa.

Abubuwa biyu ne nake ganin sun fi cutar da samarinmu a wannan lokaci. Na farko taba, ko sigari ko shisha ko ta gari. Nikotin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, ƙashin da dama da ƙyar jini ke isa gare shi kuma ba shi da rarar da zai bayar. Masu shan taba sun fi fama da ƙin haɗewa, ko da an yi musu tiyata. Na biyu tiramol. Kowa ya san yadda ya zama abokin aikin masu babur da masu aikin ƙarfi a wannan yanki. Ga mai karaya illarsa biyu ce, domin ban da jarabarsa yana kashe ɗan ciwon da ke hana mutum wulaƙanta hannunsa. Da ƙwaya a ciki mutum zai iya yini yana murɗa totur da karyayyen ƙashi. Maganin ciwo a bar wa likita ya zaɓa. Batun abinci kuma ba sai an wahalar da kai ba. Nono da kindirmo, wake, ƙwai, kifin Lagdo ko na Logon, ganye, duk suna ba jiki abin gini. Romon ƙashi da ɓargo da dangi ke ta kawowa a sha lafiya, amma ba ya rage ko kwana ɗaya daga lissafin. Mai ciwon sukari shi ne ke da aiki, sai ya riƙe sukarinsa da kyau.

Na san akwai wanda zai ce duk wannan maganar masu albashi ce. Yaron da babur ɗin ma ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi kuɗi, ga mata ga 'ya'ya, ta yaya zai ajiye hannu wata biyu ko uku? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba ni da amsar da za ta sa ta yi sauƙi. Ma'aikacin da ke da rajista da CNPS, wato hukumar inshorar ma'aikata ta Kamaru, in a bakin aiki ya ji rauni yana da haƙƙin da zai nema, kuma ya kamata a kai rahoto da wuri. Galibin masu karyewar ba sa cikin wannan sahu. Abin da ya rage shi ne dangi da abokan sana'a su fahimci cewa wanda ke yawo da ƙafafunsa yana dariya da filasta a hannu ba lalaci yake yi ba. A ba wani amintacce babur ɗin ya riƙa ja ana raba abin da aka samu, shi kuma ya zauna a shagon wani ko ya riƙe aikin da hannu ɗaya zai iya. Masu yanke filasta da reza a mako na huɗu don "ba na jin komai" sau da yawa su ne ke dawowa a sake sabon lissafi daga farko, sauri ya haifi nawa.

Ranar cire filasta ma ba ita ce ranar warkewa ba. Likita zai danna ramin nan, ya sake hoto. Da yake ƙashin ba ya yin dunƙule, hoton radiyo yakan bar shakka, kuma in akwai wurin da ya cancanci a kashe kuɗin sikana sau ɗaya to nan ne, domin ita ke nuna ko sabon ƙashi ya tsallaka da kuma iya faɗin da ya tsallaka. Likitoci da yawa sukan saki hannu in kusan rabin faɗin karayar ya haɗe. In an kai wata uku babu alamar kamawa, ƙara wata filastar ba kasafai take amfani ba, lokacin maganar tiyata ne.

Hannun da zai fito daga filasta zai ba mai shi tsoro. Ya rame, fata na saɓa, wuyan hannu ya sandare, ko kofin shayi sai ya yi nauyi. Wannan ba alamar an ɓata aiki ba ce, tsoka da jijiyoyi ne suka yi wata biyu ba aiki. A fara da motsi, ƙarfi ya biyo baya. A tsoma hannu a ruwan ɗumi, a lanƙwasa gaba da baya, a juya tafi sama da ƙasa, a taɓa kan kowane yatsa da babban yatsa, a haɗa tafuka biyu a gaban ƙirji a riƙa saukar da su a hankali. Kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini ya fi a yi da ƙarfi sau ɗaya. Inda akwai likitan gashin ƙashi, wanda a nan aka fi sani da kine, ko zuwa biyu ko uku ne a je ya nuna yadda ake yi, a ci gaba a gida. Abin da ba a so shi ne a miƙa wa wani ƙaƙƙarfa ya tanƙwara da ƙarfin tsiya wai don jijiya ta saki. In hannun ya riƙa zafi kamar ƙuna, yana kumbura yana sheƙi, ko taɓawar riga ma ta zama azaba, wannan wata matsala ce ta jijiyoyi da ke bukatar likita da wuri.

Bayan 'yan makonni sai a shiga matsa soso ko ƙwallon roba, sannan ɗaukar abu marar nauyi. Rubutu, waya, ɗinki da ƙananan ayyukan gida sukan dawo da wuri. Ƙarfin damƙa yakan ɗauki watanni, wani ma sai ya kusa shekara kafin ya daina jin bambanci tsakanin hannuwansa, kuma ba abin mamaki ba ne a rasa ɗan kaɗan daga lanƙwasawar baya har abada. Aikin da ke jibga nauyi a kan buɗaɗɗen tafi, da wanda ke girgiza hannu, su ne na ƙarshe: daka, saran itace, ɗaukar buhu, tsaron gida a ƙwallo, da babur. Babur ya haɗa duka biyun, ga girgizar hanya ga haɗarin sake faɗuwa a kan hannun. Wanda ya karye a dama totur da birkin gaba ke jiransa, wanda ya karye a hagu kuma in babur ɗinsa mai kuloci ne sai ya iya matse shi sau ɗaruruwa a yini. Kafin ya ɗauki fasinja ya gwada kansa a fili ba kowa a baya: in ba zai iya damƙe birki da sauri har ƙarshe ba tare da zafi ya sa ya saki ba, lokaci bai yi ba, ko da likita ya riga ya ce ƙashi ya haɗe.